'Ya'yan Gawon Tsohuwar Maƙabarta

Garinmu yana gindin dutse, tsakanin Tama da Buza, kuma maƙabarta biyu gare shi. Sabuwar tana bisa fako, inda sai an yi ta sara da diga kafin a samu zurfin kabari. Tsohuwar tana ƙasa cikin fadama, bakin ƙorama. Mutanen gari ba su cika cewa maƙabarta ba, kusheyi suke cewa. Mahaifiyata a tsohuwar take kwance. Tana cikin na ƙarshe da aka kai can kafin dattawa su ce wurin ya cika, shi ya sa kabarinta ya faɗo gefe, wajen ruwa.

Ina ƙaramar lakwal, wato firamare, ta rasu. Mahaifina yana bakin teku wajen bida, neman kuɗi, kamar yawancin mazan Adar, don haka kawuna, yayanta, shi ya riƙe hannuna muka bi gawa. Da aka gama rufewa ya ɗauko wani jan dutse ya kafa wajen kai, ya kife rabin tukunya a gefensa, ya ce in duba da kyau kada in manta. Ban manta ba.

Kakata, wadda ta haife ta, ita ta ci gaba da riƙona. Mata ba su shiga kusheyi a garinmu, saboda haka ba ta taɓa ganin inda 'yarta take ba. Ni ne idonta. Da na samu shiga koleji a Madawa, duk hutun da na dawo nakan ajiye jakata in sauka fadama in yi addu'a, in na komo sai in tarar da ita zaune bakin ɗaki tana kaɗi ko tana tsince wake. Ba ta tambayar karatu, ba ta tambayar hanya.

"Maigida, tana nan?"

"Tana nan, Kaka."

Daga nan sai ta shiga tsokanata irin ta kaka da jika, ta ce miji ne ni na banza, na dawo daga birni ko goro ban riƙo ba. Ni ba mai yawan magana ba ne. A koleji har ana cewa in ba malami ya kira sunana ba, ba a sanin ina aji. Amma wajen Kaka nakan ɗan rama.

Dattawa sun ce a da ƙoramar nan yaro na iya tsallake ta. Bayan shekarun fari itatuwan bisa duwatsu suka mutu, ruwa ya rasa abin da zai tare shi, ya riƙa saukowa gaba ɗaya da ƙarfinsa. Kowace damina ƙorama sai ta ƙara faɗi.

A farkon shekarun tamanin, cikin babban hutu, wata rana da azahar aka yi ruwa mai yawa bisa tudu. A gari yayyafi kawai muka gani. Can sai muka ji ruri kamar kamiyo, babbar motar kaya, na hawan dutse. Muka fita, manya da yara, muka tsaya nesa muna kallo. Ruwan ja ne, ɗauke da kututture da ƙaya. Sauran yara suna ihu suna nuna abin da ya ɗauko, ni kuwa idona yana kan maƙabarta. Ta gefenta na sama ƙoramar tana da kwana. A nan ruwan yake dukan gaɓa kai tsaye, ya rarake ƙarƙashinta, sai ka ga ƙasa ta tsage ta rufta. Na daɗe a tsaye ina kallon wurin har ruwan ya fara ja.

Da safe aka tarar kaburburan da ke kan kwanar sun buɗe. Liman da dattawa suka sauka da farin ƙyalle suka tattara abin da ruwa ya bari, suka sake binnewa can ciki. Ba wanda ya san ko na su wa ne. Na zagaya wajen mahaifiyata, wadda take ƙasa da kwanar. Jan dutsen yana nan, amma tsakaninsa da bakin gaɓa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba.

"Tana nan?" in ji Kaka.

"Tana nan."

"To mi ya hana ka dube ni? Ko ka yi wata matar a Madawa?"

Na gaya mata abin da na gani. Ta ajiye mazarin kaɗinta a cinya. Can ta ce, "In ruwan ga za shi ɗauke ta, Allah shi ɗauke ni tukuna. Ban son in ji."

Kawu ne ya zo da dabara. Ya ce wajen Keita ya ga ana saƙa waya kamar keji, a cika da duwatsu a jera bakin ƙorama, ruwa ya buga ya koma. Dutse kam Allah ya ba mu har ya yi yawa, hannuwa ma akwai. Amma dutse ba waya, ruwa mirgina shi yake yi kamar ƙwallon goruba. Wayar ce sai an saya, kuma a nan magana ta tsaya.

Bayan girbi, kafin in koma makaranta, maigari ya ce kawu ya zaga gida gida ya nemi gudummawa, ni kuma in bi shi tunda ni ke da karatu. Na ɗauki abin da muhimmanci. Na sa rigar makaranta, na ɗauki sabon kaye na rubutu da alƙalamin bik, har na ja layuka da raga, wato rula, tun a gida. Abin da ban yi tunani ba, kawu ma bai yi ba, shi ne a garinmu mutum ɗaya aka sani yana yawo gida gida da takarda bayan girbi, wato mai karɓar lanho, harajin gwamnati. Muna yin sallama sai a ce maigida ya tafi gona, alhali an gama aikin gona. Wani tsoho da muka ritsa a zaure yana gyaran igiyar rijiya ya dubi kayen ya dube ni.

"Lanhon mi kuma? Har matattu an sa ma?"

Kawu ya yi masa bayani. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Ɗana, hatsin bana ka gan shi. Rumbuna bai kai wuya ba. Ƙasa ta ci ƙasa, mi an nawa ciki? Wanda ya tahi addu'a shika so, kuma ina yi mishi."

Ba zan ce ya yi ƙarya ba. Shekarar ba ta yi kyau ba, kuma maganarsa ita ce maganar yawancin gari. Tsofaffin mata ne suka fi bayarwa, wannan ta ɗebo hatsi a ƙwarya, waccan ta kwance bakin zane. Abin da muka tara bai isa keji guda ba. Daga baya kawu ya je wani biro, wato ofishi, a babban gari. Aka karɓe shi da mutunci, aka ce abin da ke hannu na rijiyoyi ne da abincin masu rai. Na rubuta wa mahaifina, ya amsa cewa 'yan garinmu da ke can sun riga sun haɗa na kwanon masallaci, sai dai wata shekara. Ruwa kuwa ba ya jiran wata shekara.

A Madawa ina zaune ne gidan wani ɗan uwan kakana, ɗan kasuwa mai turka raguna. Ni nake zuwa sayo musu abinci. In rani ya yi nisa, harawa ta ƙare, dusa ta yi tsada, sai a koma kan 'ya'yan gawo. Mata ke kawo su kasuwa a buhu suna aunawa da tiya, kuma duk makon da na je sai na tarar sun ƙara kuɗi. Ragunan suna jin ƙarar buhun suke fara tsalle a turke. Ban ɗauki wannan aike a bakin komai ba, ban da cewa yana cinye mini lokacin karatu.

Da aka ba mu ɗan hutun tsakiyar zafi na tafi gida. Na ajiye jaka na sauka fadama kamar kullum. Na ɗage reshen ƙayar da ke toshe ƙofar shinge, na cire takalmi, na yi sallama na shiga. Abin da nake takawa yana ƙara ƙarƙashin ƙafata. Na duba ƙasa. 'Ya'yan gawo ne, jajaye, a nannaɗe, sun rufe ko'ina, na bana bisa na bara, na bara sun yi baƙi suna ruɓewa. Can gefe bagaruwa ma ta zubar da nata. Shekara da shekaru ina taka su, ban taɓa ganinsu da wannan idon ba.

A duk fadamar nan, cikin maƙabarta kaɗai manyan itatuwa suka rage, don ba a ɗaukar komai daga kusheyi. Ba a yin itace, ba a yankar ciyawa, ba a tsinkar magarya. Tun muna ƙanana ake gaya mana wanda ya ci kurnar kusheyi zai ji ana kiran sunansa. Ko a shekarun yunwa, lokacin da aka sassare kowane reshe aka ba dabbobi, ba wanda ya ɗaga gatari a nan. Shingen ƙaya kuma ya hana awaki shiga. Na tsaya gaban jan dutsen, tunanin ya zo mini, kuma tare da shi tsoro ya zo. Na fita ban taɓa ko ɗaya ba, har na duba ƙafar wandona kada wani ya maƙale.

Kaka na fara gaya wa, bayan ta yi tambayarta na amsa.

"A'uzu billahi! Nan bokon ya kai ka? Ka kai abin matattu kasuwa, a auna da tiya?"

"Ba don ni ba, Kaka. Don waya."

"Rago shi ci, mutane su ci rago. Ka ji abin da kaka hwaɗi kuwa?"

Ta riƙa jujjuya mazari ba ta kaɗi.

"Suna da yawa?"

"Ba a ganin ƙasa."

"Tashi ka gaya ma Malam. In ya kore ka, ka dawo in dama maka hura."

Kwana na yi ina shirya maganar a raina. Bayan la'asar na sami Liman a zaurensa shi kaɗai. Tsoho ne siriri, mai magana a hankali, wanda ya wanke yawancin waɗanda ke kwance a fadama. Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi zafi, na sake komawa kan gajiya.

"Gaisuwa ta ƙare, ɗana," ya ce. "Saura abin da ya kawo ka."

Na faɗa, ina kallon tabarma. Duk tsarin da na yi ya watse, na fara da raguna na ƙare da ƙorama.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Allah gafarta Malam."

"Ka ɗauko ko guda?"

"A'a."

"Tashi ka tahi."

Na fita ina ganin kora ce. Kaka ta dama furar kuwa.

Bayan 'yan kwanaki, da aka idar da sallar azahar, Liman ya ce kada a watse. Ya kawo maganar ba tare da ya ambace ni ba, abin da na gode masa a kai har yau. Masallaci ya ɗauki guna-guni. Tsohon nan mai igiyar rijiya ya ce tun kakanni ba a taɓa yi ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Liman ya bar kowa ya faɗi tasa, sannan ya yi tambaya.

"In mutum ya cika, likkahwaninai daga ina a ka hid da shi?"

Aka ce daga dukiyarsa.

"Kahin magada su raba, ko bayan sun raba?"

Aka ce kafin a raba.

"To waɗanga bayin Allah suturassu ta ka yayewa. Ba su bar komi ba sai itatuwan ga da sunka tsiro bisansu. Mun hana kanmu ci, kuma mun yi daidai, don ba namu ba ne. Nasu ne. A suturta su da nasu."

Ya kafa sharuɗɗa. Abin da ya faɗo da kansa kaɗai za a tsinta, ba a girgiza reshe, ba a hawa, ba a sa ƙugiya. Ba a taka kabari. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga bakin akuyar wani ɗan gari ba, kuma abin da aka sayar ba za a sayi ko goro da shi ba, sai waya.

Wani ya ce to sai a tura yara gobe. Liman ya ce yaro bai san kabari da tudun ƙasa ba. Mata kuwa ba su shiga. Aka dubi juna. Tsintar gawo a garinmu aikin yara ne da 'yan mata, namiji mai iyali ba ya duƙawa ya tsinci abincin awaki, ko da akuyarsa za ta kwana da yunwa. Sai ga shi ba wanda ya rage sai masu gemu.

Washegari da hantsi muka shiga, kowa da buhunsa, takalma a jere bakin shinge. Da farko ba mai magana, sai ƙarar busassun 'ya'yan gawo da nishin tsofaffi. Maigari da kansa ya zo, ya duƙa da ƙyar, ya dafa ƙugu ya miƙe.

"Rabona da aikin ga tun ban da wando," ya ce.

Aka danne dariya saboda wurin da ake. Daga nan baki ya buɗe a hankali. Mutanen da suka shekara da yawa ba su shigo ba suka fara tambayar Liman, nan wa ke kwance, can fa. Garinmu unguwa biyu ne, ta waɗanda suka kafa shi da ta waɗanda kakanninsu suka zauna ƙarƙashin Abzinawa kafin su sauko su kama noma. A raye kowa da rijiyarsa, kuma ba a cika auratayya ba. A fadama kuwa ba a ware kowa ba, wanda ya riga shi aka fara sawa. Na ji wani yana ce wa ɗan ɗaya unguwar, ƙasa-ƙasa, "Ashe kakanka maƙwabcin kakana na." Ɗayan ya ce, "Allah sarki, tsohon bai huta ba har can."

Dawowa ce ta fi wuya, don hanya ta bi ta bakin rijiya, kuma mata sun cika ta. Muka taho a jere da buhuna a ka.

"Sannunku da tsince, 'yan mata! Wa za ya yi muku kitso?"

"Ku bar su, kunya su kai, ba a kai musu lehe ba!"

Kaka tana bakin ƙofa da sandarta. Ta dubi kawu, mai 'ya'ya har da na aure, ta ce da ta san ya iya da ba ta sha wahalar awakinta ba shekarun nan. Tsohon mai igiya bai zo ranar farko ba. Rana ta biyu na gan shi can ƙuryar gabas shi kaɗai yana tsinta a cikin hularsa, kusa da inda aka ce mahaifinsa yake.

Hutu ya ƙare na koma Madawa, su suka ci gaba. Labari yana iso ni ta bakin masu zuwa kasuwa. Buhuna sun cika zauren Liman har ya koma karatu a gindin bango. Da bazara ta kai tsakiya, lokacin da dabbobi ke cin ko tsumma, kawu ya ɗora wa jakuna ya kai kasuwar Tama, masu turke suka kwashe gawon, majema suka sayi bagaruwar. Aka haɗa da ɗan abin da muka tara bayan girbi aka sayo waya. Maƙerin gari ya saƙa ta yadda kawu ya kwatanta masa.

Da na dawo babban hutu hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na tarar kejin a jere bakin fadama, ba a cika su ba. Kaɗan ne. In an jera su ba za su rufe ko kwatan gaɓar maƙabarta ba. Dattawa suka taru a bakin ƙorama don a yanke inda za a sa. A lokacin kowa ya riga ya san daga ina maganar gawo ta fito, don Kaka ba ta iya riƙe labari.

Maigari ya nuna wajen jan dutsen da sandarsa.

"Nan za a sa. Ɗan ga shi ya kawo dabara, uwatai ce a baki. Ko akwai mai magana?"

Ba mai magana. Kawu ya sunkuyar da kai, na ga farin ciki a fuskarsa. Ni ma abin da nake so ke nan tun ranar da na ga gaɓa ta rufta. Da na yi shiru, kamar yadda na saba, da shi ke nan. Amma na tuna ruwan bara. In aka bar kwanar a buɗe, zai ci gaba da rarake ta har ya yanke, ya bi ta bayan kejin ya ratsa tsakiyar kaburbura, ya bar wayarmu tsaye a tsakiyar ƙorama tana tsaron yashi. Mahaifiyata ma ba za ta tsira ba, sai dai a ɗauke ta daga baya maimakon daga gaba.

"Ranka shi daɗe," na ce. Ba a ji ba, sai da na sake. "Ba nan ba. Can kan kwana ya kamata."

Kawu ya ɗago. "Kai, ka san abin da kaka cewa? Ƙanwata ce nan. Uwarka ce."

Na faɗi abin da na gani, a guntule, ina nuni da hannu don kalmomin sun ƙi fita daidai.

"Ka tabbata?" in ji maigari.

"Ban tabbata ba. Abin da na gani ke nan."

Sai tsohon mai igiya ya yi gyaran murya. Ya ce kowa a nan manomin fadama ne, kowa ya san kwana ce bakin ruwa. Kara ce ta hana a faɗa. Wa zai dubi maraya ya ce a bar uwarsa? Sai in shi ya faɗa da bakinsa. Na dubi fuskokin dattawa na ga haka ne, duk sun sani, suna tsaye ne suna shirin zuba wayar da suka sha wa ba'ar mata a inda ba ta da amfani, don kada su ɓata mini rai.

Kawu bai jira an tashi ba ya tafi. Kafin in isa gida Kaka ta ji.

"An ba uwarka bargo, ka yaye ka ba wasu," ta ce.

Ta ci gaba da ba ni abinci, tana dama mini fura, amma ta bar kirana maigida, ta bar tsokana. A gidan da mutum biyu kawai ke ciki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aka yi gayya, ba kiɗa saboda wurin. Jakuna suka yi ta sauko da duwatsu daga tudu, muka haƙa gindi a kan kwanar, muka cika kejin muka ɗaure bakinsu. Kawu ya zo ya yi aiki fiye da kowa, bai ce mini uffan ba. Da aka gama, ni da shi muka jibge sauran duwatsun da ƙaya a gaban kabarin mahaifiyata. Mun san ba za su tsaya ba.

Ruwan farko da na biyu ba su kawo ƙorama ba. Kullum in na ga hadari bisa duwatsu sai in kasa karatu, in riƙe littafi ina kallon shafi ɗaya. Kullum kuma sai in sake lissafa abin a raina, ko na yi kuskure, ko ruwan bana ba zai bi hanyar na bara ba.

Ranar da ta zo, da hantsi ne, bayan an kwana ana ruwa a tudu. Muka tsaya inda muka tsaya bara. Ruwan ya sauko ya daki kejin, ya tashi sama ya yi kumfa, har suka ɓace a cikinsa. Na ɗauka sun tafi. Can na ga bakin wayar ya fito, ruwan ya karkata ya nufi tsakiyar ƙorama. Wani ɓangarensa ya ci gaba da lasar gaɓa daga ƙasa, ina kallo ya kwashe duwatsun da muka jibge, ɗaya bayan ɗaya, da ƙayar duka. Wani yanki na gaɓar ya tsage ya faɗa. Daga inda nake ba na iya gane ko wane yanki ne.

Sai bayan la'asar ruwan ya ja aka iya sauka. Na bi ta cikin laka har gwiwa. Kejin sun ɗan karkace amma suna nan, yashi ya taru a bayansu. Na wuce ƙasa. Tabarma guda ta tafi daga cikin biyun nan. Jan dutsen yana tsaye, rabin tukunyar ya cika da ruwan sama. Na ji motsi a bayana, kawu ne. Ya tsaya ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa, ya dafa kafaɗata muka hau tare.

Kaka tana tsaye a ƙofar gida, ba a zaune ba.

"Tana nan?"

"Tana nan, Kaka."

"Ka gani da idonka, ko hwaɗa maka a kai?"

"Na taɓa dutsen."

Ta dubi lakar da ke ƙafata, ta juya ta shiga, ta zauna a wurinta ta ɗauki mazari.

"To, na ƙara maka aure shekara guda," ta ce. "Je ka wanke ƙahwa, maigida, kar ka ɓata mini ɗaki."

Da rani ya zagayo masu gemu suka sake ɗaukar buhuna, mata suka sake yi musu ba'a a bakin rijiya, aka ƙara keji a ƙasan na farko. Haka aka riƙa yi, kowace shekara gwargwadon abin da itatuwan suka zubar, har waya ta iso gaban mahaifiyata Kaka tana da rai. Tun daga shekarar nan tambayarta ta zama biyu. In na dawo daga fadama ta ce tana nan, na ce tana nan, sai ta ɗan matso ta rage murya.

"Gawon hwa? Ya yi ɗiya bana?"